Malam Maraba da Sabobinsa

Ranar da na fara aiki a kamfanin, ba mutum ne ya fara yi mini doguwar magana ba, saba ce, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfani. An zaunar da ni a teburin da ke kusa da taga, aka miƙo mini suna da kalmar sirri a 'yar takarda, aka ce in shiga in ga gari. Na buga, baƙin allo ya buɗe, sai ga rubutu da jan launi:

"Maraba. Wannan sabar aiki ce, ba ta wasa ba. A cikinta akwai sakamakon awon jinin mutanen da ke zaune a benci yanzu haka suna jira. Kafin ka goge komai, ɗaga hannunka daga kan madannai ka ƙirga goma."

Na karanta har sau biyu. Dattijon da ke teburin dama da ni ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Kin karanta duka?"

Na gyaɗa kai.

"To ke ce ta farko a shekara uku. Sannu da zuwa, 'yata."

Shi ne Malam Maraba. Ba sunansa ba ne, amma ko a takardar rabon aiki da ke manne a bango haka aka rubuta, domin duk saƙon da ya sa wa saba da wannan kalmar yake farawa.

Aikin kamfaninmu shi ne adana sakamakon awo na ƙananan asibitoci goma sha ɗaya. Idan an ɗebi jinin mutum aka sa a na'ura, sakamakon wurinmu yake zuwa, daga nan likita ya buɗe ya gani. Kwamfutocin da ke riƙe da wannan duka, wato sabobin, ba a gininmu suke ba. Haya muke yi a wurin wani babban kamfani, suna can wata ƙasa a ɗakin da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. A gajimare suke, in ji masu sana'ar. Mu dai abin da muke gani baƙin allo ne da ɗan farin layi yana ƙiftawa, kuma duka sabobin ashirin da ɗoriya kamarsu ɗaya, kamar ƙwai a kwando.

Malam Maraba gajere ne, gemunsa ya yi fari fat, tabaraunsa na rataye da igiya a wuya. Yana da wata jaka ruwan ƙasa da zip ɗinta ya mutu tun da daɗewa, ya sa guntuwar waya yana ja da ita. Kullum shi ne na farko a ofis. Kafin mu iso ya buɗe tagogi, ya goge teburinsa, ya zuba shayi daga fulas a murfinsa yana kurɓa a hankali. Shekarunsa hamsin da takwas a lokacin.

Tarihinsa guntu-guntu na tsinta, wani daga bakinsa, wani daga bakin masu gulma. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya fara aiki a shagon gyaran tafireta, yana wanke haruffa da buroshin haƙori da kananzir. Da tafireta ta mutu ya bi kwamfuta, ba makaranta ba komai, sai littattafan da ake jefarwa tare da kwali. Ya yi shekara goma sha huɗu a wani ofishi yana gadin injuna a ɗaki mai sanyin da har yau yake cewa shi ya ba shi ciwon gwiwa. Da aka kafa kamfaninmu shi ne ma'aikaci na uku. Manajanmu na yanzu a hannunsa ya koyi haɗa wayar intanet.

A wancan zamanin sabobi tara ne, kuma a ɗakin baya suke, ana iya taɓa su a ji ɗuminsu. Kowace ya manna mata takarda da salatif. "Kada a kashe wannan ranar Litinin." "Fankar wannan tana kuka, ba komai ba ne, halinta ne." Da aka koma gajimare, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da mota ya kwashe su, ɗakin ya zama wurin tara karyayyun kujeru. An ce sati biyu ya yi kamar wanda aka yi wa rasuwa. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, ba shi da inda zai manna takarda.

Sai ya tuna da saƙon shiga. Kowace saba tana da ɗan rubutun da take nuna wa duk wanda ya shigo, kuma yawancin mutane barinsa suke yadda ya zo daga kamfani, cike da talla da lambobin da babu mai kallo. Shi kuwa ya share wannan, ya mayar da wurin allon sanarwarsa. Sabar aiki ja, sabar gwaji kore. Ta gwaji ita ce wadda muke cika ta da sunayen ƙarya muna gwada sabon abu kafin ya isa ga asibitoci, saƙonta kuma cewa yake: "Maraba. Nan filin wasa ne. Fasa abin da kake so, babu wanda zai yi kuka."

Abokin aikinmu na uku a ɗakin wani ne da muke kira Dogo, mutum mai baki kamar rediyo. Ba ya barin Malam ya sha iska.

"Baba, wallahi liman ya kamata ka zama. Mutum ya shigo zai duba abu na minti ɗaya, sai ya sha huɗuba."

"Ka taɓa karanta huɗubar?"

"Ina fa! Ai kafin in kai ƙarshe an tashi daga aiki."

"Kai dai tsawo aka ba ka. Da da tsawo ake karatu, da yanzu kai farfesa ne."

"Hajiya Shiru, kina jin tsohon nan ko? Ki zama shaida."

Ni ce Hajiya Shiru. Nakan yi murmushi in mayar da ido kan allo.

Malam ne ya koya mini yadda ake gina saƙon. Akwai wata jaka a cikin kowace saba mai ɗauke da ƙananan fayiloli masu lamba, goma, ashirin, talatin. Duk wanda ya shiga, sabar takan bi su ɗaya bayan ɗaya ta nuna abin da suka ce. Wani rubutu ne kawai, wani kuma yana iya duba rana ko ya duba wanda ya shigo kafin ya yi magana. Ya ba ni lamba hamsin ya ce in sa ta riƙa faɗin yawan wurin da ya rage a rumbu, wato inda saba ke ajiye bayanai. Na rubuta da dogon turanci irin na jami'a. Ya karanta ya ce, "Wa kike rubuta wa? Ki rubuta wa mutumin da matarsa ke naƙuda kuma waya na ƙara a kunnensa. Layi ɗaya." Na mayar da shi layi ɗaya.

A wata na bakwai na fara lura da wasu abubuwa. Yakan zuba shayi, ya ajiye murfin a gefe, bayan minti biyar ya ɗauko kofi ya sake zuba wani. Sau biyu ya kira ni da sunan wata mata da ta bar kamfanin tun ina sakandare. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinmu da takarda a hannu, ya daɗe yana kallonmu, sannan ya koma teburinsa ya zauna bai ba kowa ba. Dogo ya ce tsufa ne, ya yi masa waƙa a kai, aka yi dariya har da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne allonsa. Teburanmu a jere suke, kuma idan ya shiga saba ina ganin saƙonsa ya fi nawa tsawo. Nawa layi shida, nasa ya cika allo. Yakan matso da fuska, ya bi da yatsa, leɓɓansa na motsi.

Ranar wata Talata da ya tafi ofishin Manaja, na buɗe jakar saƙon. Bayan lamba hamsin ɗina akwai wani fayil mai lamba casa'in da tara. An rubuta shi yadda ba zai bayyana ga kowa ba sai idan sunansa ne ya shigo. Ga abin da ke ciki:

"Yarinyar da ke hagunka sabuwa ce, 'yar kirki, kada ka ɗaga mata murya. Dogon mai surutu ne, amma ba shi da mugunta. Manaja kai ka koya masa aiki, amma yanzu shi ne babba, ka tuna. Motar gida lamba goma sha biyu ce, a tsallaken titi ake hawa. Maganin rana yana aljihun jaka na ciki. Idan ka rasa abin da ya kawo ka nan, kada ka tambayi kowa. Karanta ƙasa."

A ƙasa kuma aikin da ake yi wa wannan sabar ne, rana-rana, mataki-mataki, har da umarnin da zai buga, harafi da harafi. Na duba sauran sabobin. Kowace tana da nata casa'in da tara.

Na rufe, na je banɗaki na wanke fuska, na dawo na ci gaba da aiki.

Washegari da safe na same shi shi kaɗai. Bai amsa gaisuwata yadda ya saba ba. Sai da na zauna ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kin buɗe casa'in da tara."

Saba tana rubuta lokacin da aka taɓa kowane fayil. Na san haka, shi ya koya mini.

"Eh, Baba."

"Kin faɗa wa wani?"

"A'a."

Ya cire tabarau ya murza idanu. Ya ce likita ya gaya masa sunan ciwon, kuma ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Matarsa ta sani, 'yarsa malamar jinya da ke aiki a wani gari ta sani, shi ke nan.

"Shekara biyu kawai nake roƙon Allah, 'yata. In cika sittin in fita ta waccan ƙofar da ƙafata, a yi mini ɗan taro, Dogo ya yi surutunsa, in tafi. Ba na son a riƙe hannuna a raka ni. Kuma ban taɓa ɓata aiki ba. Kin ga na ɓata?"

Gaskiya ne, bai ɓata ba. A cikinmu shi ne mafi ƙarancin kuskure, domin ba ya yin komai da ka. Na ce masa ba zan faɗa ba. Ya gyaɗa kai, ya mayar da tabarau, ya juya ga allonsa ya buga wani abu gajere.

Wata biyar muka yi a haka. Na koyi taimaka masa ba tare da an gani ba. Idan Manaja ya shigo ya tambaye shi abin da aka yi jiya, sai in yi kamar ina magana da kaina in ambaci kan zancen, shi kuma ya ɗora. Idan ya zuba shayi na biyu sai in ce dama ina so. Akwai ranakun da yake garau, har ya ba mu labarin yadda ɓera ya taɓa mutuwa a cikin injin ofishinsu na dā, aka yi wata guda ana zargin masinja da rashin wanka.

Ranar wata Litinin rumbun babbar sabar aiki ya kusa cika. Manaja ya shigo da waya a kunne ya ce mini, "Ki tayar da sabuwa yau-yau, mai girma, a kwashe komai a mayar can kafin asibitoci su fara kuka."

A gajimare ba a gina saba daga tushe idan ana sauri. Kwafin wata ake ɗauka gaba ɗayanta, da duk abin da ke cikinta, a tayar da shi a matsayin sabuwa. Sabar gwaji tsarinta iri ɗaya ne da ta aiki, kuma an sabunta ta kwanan nan, don haka ita na kwafa. Na canza mata suna, na canza adireshi, na zubar da sunayen ƙarya, na kwaso bayanan gaske na zuba. Kafin la'asar asibitoci goma sha ɗaya suna aiki a kanta. Manaja ya ce mini sannu da ƙoƙari, karo na farko tun zuwana.

Jakar saƙon ce kawai ban taɓa ba. Ban ma tuna da ita ba.

Daga baya rajista, inda saba ke rubuta duk wanda ya shiga, ta nuna cewa tsakanin Litinin da Alhamis na shiga sabuwar sabar sau goma sha tara, Dogo sau huɗu, Manaja sau ɗaya. Kowane shiga koren rubutu ya fito ya ce mana nan filin wasa ne. Babu wanda ya gani. Ni ma a lokacin idona ya saba, yana tsallake saƙon kamar yadda ƙafa ke tsallake dokin ƙofa.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe uku na rana Manaja ya leƙo ya ce, "Malam, ɗan duba mini sabuwar nan, ka ga ko tana numfashi daidai." Malam ya ce to, ya shiga. Yana shiga wayarsa ta yi ƙara, 'yarsa ce. Ya fita baranda ya yi minti goma. Ni ina ofishin masu karɓar kira ana nuna mini wani ƙorafi. Dogo ya je sayen ruwa.

Da Malam ya dawo ya zauna, abin da ya kawo shi ya riga ya gudu. Sai ya yi abin da ya umarci kansa: bai tambayi kowa ba, ya karanta. Allo kore ne. A ƙasa, casa'in da tara na sabar gwaji, wanda ya biyo kwafina, ya duba rana ya ga Alhamis, ya ce masa: "Yau ranar wanke rumbu ce. Buga wannan, sannan wannan. Idan ta tambaye ka ko ka tabbata, ce eh."

Ya buga, ta tambaya, ya ce eh.

Na dawo na tarar da shi yana shan shayi hankali kwance. Ya ce mini, "Na wanke ta gwaji, ki zuba sunayenki idan kin samu sarari." Kafin in amsa wayar ofis ta fara ƙara, sannan ta biyu, sannan aka ji gudu a baranda.

Kwafin ajiya sau ɗaya muke ɗauka a rana, da sassafe. Mun dawo da komai har zuwa ƙarfe shida na safiyar ranar. Abin da ya shigo daga shida zuwa uku ya tafi: sakamakon mutum ɗari huɗu da sittin da biyu. Wasu asibitocin suna da takarda suka sake bugawa. Wasu na'urarsu kai tsaye take turowa, kuma sun riga sun zubar da jinin. Ni aka ba wayar wata ma'aikaciyar ɗakin awo. Ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, "'Yar'uwa, akwai jaririn da sai da muka soke shi sau huɗu kafin mu samu jijiya. Uwar tun daga ƙauye ta zo. Ke za ki gaya mata ta dawo da shi, ko ni?" Sannan ta ajiye wayar.

Malam bai gane ba sai da Dogo ya juya allonsa ya nuna masa sunan sabar a kan layin da ake buga umarni. Ya kalli sunan, ya kalli koren rubutun, ya sake kallon sunan.

"Amma ta ce gwaji," ya ce a hankali. "Ni na rubuta."



Ranar Litinin Manaja ya kira mu biyu ofishinsa ya rufe ƙofa. Akwai takardu a gabansa, ya kifa su. Tun daren Alhamis nake jera maganata a raina, kuma na san idan na bari ya fara ba zan iya ba. Don haka tun kafin mu gama zama na ce, "Yallaɓai, ni ce. Ni na kwafi ta gwaji ban canza saƙon ba."

"Na sani," ya ce. "Rajista ta nuna. Za ki samu takardar gargaɗi. Ba wannan ya sa na kira ku ba."

Ya juya takardun. Casa'in da tara ne, na duka sabobin, an buga su. Ya sa yatsa a kan layi ɗaya ya turo mini. Layin da Malam ya ƙara ne a waccan safiyar: "Yarinyar ta sani. Ba za ta faɗa ba."



"Malam," in ji Manaja, muryarsa ta yi ƙasa, "tun yaushe?"

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ce maka ba. Duba ranar da aka fara fayil ɗin."

"Wata goma sha tara."

"To haka ne."

"Me ya sa ba ka zo mini ba? Ni ne fa. Kai ka riƙe hannuna ka nuna mini yadda ake murɗa waya."

"Da na zo me za ka yi?"

Manaja ya mayar da ido kan takardun.

"Ka ga," in ji Malam. "Yarinyar nan ka ƙyale ta. Kuskurenta irin na kowa ne, ni ma na yi irinsa ina yaro. Hannuna ne ya goge."

"Sunan sabar yana gabanka, Malam. Kowane layi da ka buga yana kusa da shi."

"Na daina yarda da abin da ba ni na rubuta ba. Har da abin da ke cikin kaina." Ya gyara zama. "Ka ba ni wani aikin. Ka cire mini ikon gogewa, ka bar ni in riƙa kallo kawai. Wata goma sha tara ban ɓata komai ba. Saura shekara ɗaya da rabi."

Manaja ya tashi ya je taga ya ba mu baya. Ya ce asibitoci uku sun rubuto suna son sanin wanda ya yi da matakin da aka ɗauka. Ya ce masu kamfanin sun ga takardun nan tun ranar Juma'a, ba shi kaɗai ya gani ba. Ya ce ya roƙa, abin da ya samu shi ne a rubuta cewa rashin lafiya ce ta sa ya ajiye aiki, ba kora ba. Daga yau.

Malam ya miƙe, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Ya buɗe ƙofa ya fita, sai ya tsaya a baranda yana duban hagu da dama. Ofisoshin benen duka ƙofarsu iri ɗaya ce. Masu karɓar kira sun leƙo suna kallo. Dogo ya fito daga ɗakinmu ya zo ya kama shi a gwiwar hannu, ya ce, "Taho, Baba, nan ne," ya kai shi teburinsa, daga nan ya raka shi har tashar mota.

Da yamma Manaja ya aiko a rufe asusun da Malam ke shiga da shi a duka sabobin. Dogo ya ce shi kam hannunsa ciwo yake. Ni na rufe, ɗaya bayan ɗaya, ashirin da uku. A satin aka goge jakunkunan saƙon gaba ɗaya, aka sa wani da ke rubuta kansa daga sunan saba, yadda ba zai sake yin ƙarya ba ko an kwafa. Yana aiki daidai.

Sai bayan wata biyu na iya zuwa gidansa. Ranar Asabar ce da rana. Hawa na uku suke a wani tsohon bene, matakalar tana warin fenti da ruwan wanki. Matarsa ce ta buɗe, doguwar mace siririya, da tef ɗin awo a wuya. Ɗinkin kayan makaranta take yi a falo, keken na kusa da taga, an tara shuɗayen wanduna a kan kujera. Na gaishe ta na faɗi ko ni wace ce.

"Ke ce ta hagu," ta ce. "Shigo, 'yata. Yana yawan zancenki."

Na ce, "Mama, akwai abin da ya kamata ki sani. Abin da ya faru, ni ce silar..."

"Dogonku ya zo ya gaya mini komai." Ta kwashe wandunan ta ba ni wuri. "In ba ranar ba, da wata ranar ce. Ni ce nake ganinsa a gida, na san inda abin ya kai. Amma ba zan ce miki ban ji haushinki ba. Na ji. Zauna."

Ta ce tun da ya daina fita abin ya ƙara gudu. Kullum ƙarfe bakwai ya yi wanka ya sa kaya ya goge takalmi. Da farko takan tare ƙofa su yi ta rigima. Yanzu ta gano cewa idan ta ce masa yau daga gida ake aiki sai ya yarda, ya zauna a teburin cin abinci ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa har azahar.

Yana can kuwa, cikin riga mai dogon hannu an ɓalle maɓalli har wuya. Ya rame. Da ya gan ni fuskarsa ta washe.

"'Yata! Allah ya kawo ki. Zo nan, zo." Ya leƙa ya ga matarsa ta koma kan keke, sannan ya rage murya. "Ina cikin matsala. Tun safe nake ƙoƙarin shiga, ta ƙi ni. Ina jin kalmar sirrin ce ta kwance mini. Ki sake mini wata a ɓoye, kada Manaja ya ji."

Na kalli allon. Ya cika da layi iri ɗaya daga sama har ƙasa, sabar tana cewa ba ta san shi ba.

Keken ɗinki ya tsaya. Na san tana saurare, kuma na san abin da take so in ce: to Baba, gobe zan gyara. Na buɗe baki in faɗi hakan, amma yana kallona ta saman tabarau, yana jira, sai na kasa.

"Baba, ba kalmar sirri ba ce. An rufe asusun."

"An rufe? Wa ya rufe?"

"Ni."

Ya gyaɗa kai a hankali, irin yadda yake yi idan na kawo masa aiki ya duba bai samu gyara ba.

"Kin yi daidai," ya ce. "Idan mutum ya bar aiki, ranar ake rufe asusunsa, ba a kwana. Da yawa ba sa yi. Kin rufe a duka?"

"A duka, Baba."

"Madalla." Ya juya ga allon, ya ɗora yatsu a kan madannai, sannan ya sake juyowa. "Wa ya bar aikin?"